Jam'in Suna a Jamusanci da Hausa: Nazari a kan Dokar Klingenheben

A shekarar 1928 wani malami Bajamushe na Jami'ar Hambug, August Klingenheben, ya buga wata maƙala a kan abin da ke samun baƙi in ya zo ƙarshen gaɓa a Hausa. Tun daga sa'an nan masana ke kiran abin da ya gano Dokar Klingenheben. Nufinmu a nan mu auna wannan aiki da ma'aunin jam'in suna, mu ga inda ya yi daidai da inda ya gaza, domin malaman da ke horad da masu koyarwa su san abin da za su ɗauka.

Bari mu fara da harshen shi malamin. Jamusanci yana gina jam'i ta hanya biyar: da ƙarin -e, ko -er, ko -en, ko -s, ko kuwa ba ƙari sam. Tag, watau yini, jam'insa Tage. Kind, ɗa, Kinder. Frau, mace, Frauen. Auto, mota, Autos. Lehrer, malami, yana nan Lehrer. Wani lokaci kuma wasalin ciki ke juyawa, kamar Gast, baƙo, Gäste. Amma abin lura shi ne wannan: Bajamushe yana rubuta Tag da Hund, watau kare, alhali kuwa bakinsa k da t ya ke furtawa a ƙarshe. Sai ya zo jam'i, Tage da Hunde, sa'an nan g da d na asali su fito fili. Ashe tilo ne ya sāke, jam'i ya riƙe asali.

To, ba mamaki mutumin da ya tashi da irin wannan harshe ya ga abin da ya ɓuya wa wasu a Hausa. Dubi birni da birane, kasko da kasake: a kan tsaga baƙaƙe biyu na tsakiya da a, a ƙare da e. Yanzu dubi farke da fatake, ɓauna da ɓakane, buzu da bugaje, juji da jibaje. Mai duban sama-sama sai ya ce waɗannan ba su da doka, haddacewa kawai za a yi. Klingenheben ya nuna cewa saiwar farke fatk- ce, ta ɓauna ɓakn-, ta buzu bugz-, ta juji jibj-. A tilo baƙin ya faɗa ƙarshen gaɓa ya raunana: t ya koma r, k da g da b suka koma u. A jam'i kuwa wasali ya biyo bayansa, ya tsira. Ke nan ɓakane ɗan uwan birane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wannan shi ne babban alherin maƙalar, kuma har yau ba wanda ya rushe shi.

Amma fa akwai gyara wuri biyu. Na fari, sauye-sauyen nan uku ba tafiyarsu ɗaya ba. Ɓauna ɓauna ce a Sakkwato da Kano da Zazzau duka. Amma mutumin Ikara ko Maƙarfi ko Kudan ya kan ce zauna, juji, Audu, Basakkwace kuwa zamna, jibji, Abdu. Tun da sauyin baƙin leɓe bai game ƙasar Hausa ba, lalle ya zo daga baya, ba zamani ɗaya da na k da g ba. Paul Newman ya bi wannan zance filla-filla a littafin da ya keɓe wa dokar a 2004.

Na biyu, kada kwatanci da Jamusanci ya ruɗe mu. Dokar Jamusawa tana da rai, ba ta ƙyale ko da baƙuwar kalma: Klub da p a ke ƙare ta. Tamu kuwa tarihi ce, kuma ko a da ba ta cinye kome ba, ga tafki nan yana nan da f ɗinsa a bakin Bakano da Bazazzagi. Saboda haka ba a ƙera sabon jam'i da ita. Kalmar aro ta kan bi wata hanya dabam, mota motoci, tasha tashoshi, kamar yadda Jamusawa su kan liƙa wa baƙuwar kalma -s.

Ga amfanin wannan ga aji. Yaron Hunkuyi da ya ce buzaye bai yi shirme ba, ƙiyasi ya yi a kan kifi da kifaye, kuma manya ma suna faɗin haka. Malamin da ya ja masa jan layi ba bayani ya koya masa tsoron harshensa ne kawai. Wanda kuwa ya rubuta birni, farke, juji a allo, ya sa yara su nemo jam'insu, sa'an nan ya tambaye su ina t da b suka fito, ya buɗe musu ƙofar tarihin Hausa da alli ɗaya. Muna roƙon masu tsara darussan nahawu a kwalejojin horon malamai su fid da waɗannan sunaye daga jerin marasa doka, su mai da su gidansu.