Idan Tsofaffin Ƴan Wasa Suka Sake Haɗuwa

A shekarar 2021 kamfanin HBO Max na Amurka ya tara ƴan wasa shida na shirin barkwancin nan Friends, shekaru 17 bayan an rufe shi. Aka sake gina musu ɗakin da suka saba wasa a ciki, suka zauna suna tuna baya, ana dariya ana share hawaye. Sai dai wanda ya zo neman mutanen cikin labarin bai tarar da su ba. Abin da ya tarar shi ne attajirai shida suna hira kan aikin ƙuruciyarsu. Sun sada zumunci, amma wasan kwaikwayo bai samu ba.

Wannan batu ya shafi Damagaram fiye da yadda ake zato. A zamanin mulkin Seyni Kountche, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da samariya da bikin matasa na ƙasa suka raya dandali, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan ORTN a Zinder, wadda malamin lakwal Yazi Dogo ya jagoranta, ta shiga gidajen jama'a ta rediyo da talabijin. Janet Beik, wadda ta fitar da littafi kan wasan kwaikwayon Hausa a Nijar a 1987, ta kira shi fasahar baka, kuma ta yi daidai. Ƴan wasa kan daidaita kan ƙashin labari ne kawai, sauran magana kowa ya ƙago tasa a wurin gwaji. Ma'anar haka ita ce alhaji marowaci ko malamin tsibbu na irin waɗannan wasanni ba ya cikin wata takarda da za a miƙa wa sabon yaro ya haddace. Yana cikin bakin wanda ya yi shi, da tafiyarsa, da yadda yake gyara hula kafin ya yi ƙarya. Don haka ranar da gidan RTN, magajin ORTN, ko wata ƙungiyar al'adu ta yi niyyar sake tara waɗanda suka rage, ya kamata a san abin da ake nema tun kafin a kunna kyamara.

Amsar tana nan cikin garin, a wasan kara. Matasan Damagaram sun daɗe suna kwaikwayon sarki da fadawansa da manyan gwamnati, da kayan ado na karan dawa da gero, wani lokaci a gaban waɗanda ake kwaikwayon. Wasan kan dawo, amma ba ya dawowa da hakiman da aka manta. Mai riƙe da kujera a yanzu shi ake kwaikwaya, shi ya sa dariyar take da yaji. Haka ake so ga shirin sake haɗuwa: a dawo da tsohon hali cikin sabon zamani. Marowacin alhajin nan ya tsufa, yana da jikoki a jami'ar Zinder, ɗansa na neman aiki a matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, ƴan kabu-kabu sun cika titin Zango, ana aiko masa da kuɗi ta wayar salula shi kuwa bai yarda da kuɗin da hannunsa bai taɓa ba. Rowar tana nan yadda mai kallo ya san ta, abin da take karo da shi ne ya sake. Idan kuwa aka rina wa dattijo gemu aka sa shi ya maimaita tsohuwar kalmar da aka san shi da ita, za a tafa masa, amma tafin tausayi ne.

Sai maganar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, wadda ita ce mafi wuya. A maƙwabciya Nijeriya, Kasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, ya bi shi a 2023. Wa zai sa kakin Samanja ya yi Hausar barikin nan tasa mai gauraye da Turanci, mai kallo bai ji kunya ba? Masu shirin The Fresh Prince of Bel-Air, da suka haɗu a 2020, sun gane wannan. Ba su nemo wani ya maye gurbin James Avery da ya rasu a 2013 ba, sai suka nuna tsofaffin hotunansa suka bar rashin nasa ya yi magana. Sun kuma yi abin da ƴan Friends suka kauce wa: Will Smith da Janet Hubert, waɗanda suka shekara 27 ba sa ga maciji, sun zauna sun faɗa wa juna gaskiya a gaban kyamara. Shi ma hira ce, amma hirar da wani abu ya faru a cikinta.

Haɗarin da ya fi kusa da Damagaram daban ne. A nan, karrama ɗan wasa kan rikiɗe ya zama taron jawabai: gwamna ya yi nasa, wakilin ministan al'adu ya yi nasa, a miƙa takardar yabo, a nuna guntun tsohon faifai mai dishi-dishi, ƴan wasan kuwa suna zaune a sahun gaba cikin manyan riguna kamar baƙi a gidansu. Mutanen da suka iya sa soja dariya a zamanin da ake taka-tsantsan da baki sun cancanci a ba su abin da suka saba aiki da shi, wato ƙashin labari, ƴan kwanaki na gwaji, tabarma da buta, da ƴan kallo na gaske daga Birni da Zango waɗanda ba sa dariya don kara.