Ma'aunin Albarushi da Bindigar Toka a Birnin Kano

Ranar Hawan Sallah, mutanen Koki kan ji fitowar Sarki tun kafin su ga dokinsa. Ƙarar bindigar toka ce ke ratsa unguwannin cikin ganuwa, yara su toshe kunne suna dariya, tattabaru su watse daga kan soraye. Kowa na maganar ƙarar da hayaƙin, amma da wuya a ji mai tambayar yawan albarushin da ɗan bindiga ya ɗura, ko abin da ya auna da shi. Alhali a nan ne lafiyar hannunsa take.

Bindiga ta daɗe a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya buga fassararsa a 1908, ya ce an shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743), kuma Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron Sarki. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya zarce haka, domin a Zinder aka riƙa haɗa albarushi ana ƙera igwa. Da Turawa suka yi yarjejeniyar Brussels a 1890, sai suka toshe sayar wa mutanen wannan yanki bindigogin zamani, suka bar ƙofar masu ƙanƙara da albarushin kasuwa a buɗe. Wannan na cikin dalilan da suka sa adaka, wato bindigar toka, ta yi tsawon rai a hannun mafarauta da bayin Sarki.

Irin wannan bindiga ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a tura tsumma ko wani abin toshi, a danna da sandar ƙarfe. Mafarauci kan ƙara harsashi, ɗan bindigar Sallah kuwa ƙara kawai yake nema. A Afirka ta Yamma awon da aka fi sani shi ne tafin hannu, sai kuma yatsu: bayan an danna, a dubi yatsu nawa sandar ta ɗago sama da bakin bindiga. Dabara ce mai wayo, kuma gwani kan yi shekaru da ita lafiya. Sai dai tafin wani ya fi na wani, ƙarfin albarushin bana ba lallai ya zo ɗaya da na bara ba, ga shi bindigogin gida da yawa da bututun ruwa ko ƙarfen sitiyarin mota aka ƙera su. Idan ɗuri ya fi ƙarfin bututu, fashewa yake yi a daidai inda hannun hagu ke riƙe da shi.

Abin da ke ba mutum mamaki shi ne a garin awo ake wannan. Koki unguwar fatake ce, kusa da Kasuwar Kurmi. Agalawa da sauran masu zuwa Gwanja sun san ƙwaryar goro ɗari ce cif. Alhassan Dantata, wanda ya kafa gidansa a Sarari ta gefen Koki, ya gina arzikinsa a kan goro da gyadar da ake ɗorawa a sikeli bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Mai hatsi da mudunsa da tiyarsa, mai zakkar fid da kai da sa'insa, kuma babu mai yarda a auna masa gero da "kimanin". Amma abin da zai iya cire wa mutum yatsu an bar wa ido da sabo.

A wasu ƙasashen tun da wuri aka ba wannan awo kayan aikinsa. Sojojin Turai na ƙarni na 17 suna rataya ɗamara a kafaɗa mai ɗauke da 'yan battocin itace, galibi goma sha biyu, kowace da ɗuri guda a ciki, kuma a kan injin juya itace aka fiƙe su. Mutanen Kaukasus sun ɗinka wa irin waɗannan bututu aljifai a ƙirjin riga, har suka zama ado. A Amurka mafarauta sun yi ma'auni da ƙarshen ƙahon barewa ko ƙashi, kuma har yau masu sha'awar tsofaffin bindigogi suna fiƙe nasu da hannu.

Aikin fiƙar ma'auni ba shi da girma, amma yana son natsuwa. Mai fiƙa kan ɗauki guntun farin ƙarfe ko tagulla, ko ƙaho, ko itace mai tauri, ya ɗaure a bakin inji. Abin na juyawa, shi kuma yana kanga masa kaifi har ya yi sumul ya daidaita. Daga nan ya huda cikinsa, a hankali, domin zurfin ramin shi ne awon. Ya tsaya, ya cika da adadin da aka riga aka auna a sikeli, ya duba, ya ƙara zurfi kaɗan in da saura. Wanda ya zarce, sai dai ya rage bakin ko ya sake sabo. Ana karkata bakin don zubawa ta yi sauƙi, a huda gindin a sa tsirkiya, a zana lamba a jiki. Ba a yin sa da baƙin ƙarfe, saboda baƙin ƙarfe na iya fid da tartsatsi. Lissafin da masu fiƙar ma'auni suke bi na ƙwaya ne, wadda 7,000 ke yin laba ɗaya, wato ƙwaya 15 da ɗoriya ke yin giram guda. Tun da cika ake aunawa ba nauyi ba, albarushi mai laushi da mai tsakuwa ba sa ba da ƙarfi ɗaya ko da ma'aunin bai sauya ba. Shi ya sa ma'auni na gari na bindiga guda ne da albarushi iri guda.

Yana da wani amfanin kuma da ya fi awon kansa. Bayan harbi, garwashi kan saura a cikin bututu. Wanda ya kafa bakin ƙaho ko gora ya zuba kai tsaye, in wuta ta kama, duk abin da ke cikin goran ne zai tashi a hannunsa. Wanda ya bi ta ma'auni, ɗuri ɗaya kawai zai ƙone.

Masassaƙan Hausa ba da injin juyi suka gaji aiki ba. Da gizago suke fafe akushi da turmi, dukawa kuma su yi tandu da fata. Amma Kano ba ta taɓa rasa hannun da zai yi ƙaramin aiki mai tsabta ba. Maƙeran fari sun daɗe suna sarrafa azurfa da tagulla, har Philip Jaggar ya rubuta littafi a kan maƙeran birnin a 1994. Yau kuma akwai injinan fiƙe ƙarfe a gareji-gareji, inda ake gyara kayan mota da na injin niƙa da awon da ya fi wanda ma'aunin albarushi ke bukata tsanani.

Dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi ko ga bindigar da ake ɗurawa ta baki, kuma a wannan zamani na rashin tsaro babu mai hankalin da zai so a yawaita makami. Maganar a nan ta waɗanda al'ada ta riga ta ɗora wa bindiga ce. A Disamban 2024 UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake tattali, kamar yadda ta sa wasan dawaki da bindiga na Maroko a 2021. Masarautar da ke kula da rawani da lifidi da kayan doki ya kamata ta kula da wannan ma: a duba kowace bindigar hawa kafin Sallah, a tantance abin da bututunta zai ɗauka, a fiƙe mata ma'auninta, a zana lambarta a jiki, a ɗaure mata shi da tsirkiya.