Gwaranci da Addini a Wasannin Ban Dariya na Talabijin

Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, yana da ƙa'ida: wanda aka zolaya yana nan, zai kuwa rama. A talabijin babu ramuwa, gama mai kallo ba ya iya mayar da magana.

Usman Baba Pategi ya yi barikanci a Samanja domin ya kwaikwayi bakin soja. Amma masu wasan baya sukan ɗora wa Kirista irin wannan baki: ya ce "kasa" maimakon "ƙasa", ya ce wa mace "ya zo". Da haka gwaranci ya zama shaidar addini.

Nan kuskuren yake. A ƙauyukan Rano da Kibiya akwai Kiristoci, 'ya'yan Maguzawa, waɗanda Hausa suka tsotsa, da ita kuma suke sujada. Wasan yakan mai da su baƙi a gidan ubansu.

Daɗin Kowa, na tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014, ya gyara kaɗan, don ya nuna Stephanie maƙwabciya ce mai mutunci. Saura Bahaushe Kirista. Lalle ya kamata malamai su koya wa ɗalibai bambanta harshe da addini.