Sharhi Kan Takardar Tantancewa a Ɗakin Tiyata: Matsalar Ɗorewa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu auna ra'ayin da likitan tiyata Atul Gawande ya yaɗa a littafinsa, The Checklist Manifesto, na 2009, watau cewa ɗan gajeren jerin abubuwan da ma'aikata za su tabbatar kafin aiki yana iya rage mace-mace a asibiti.

Lalle ra'ayin yana da madogara. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takarda mai abubuwa 19 domin ɗakin tiyata, aka gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya. Sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna mace-mace sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari.

Sai dai a ganinmu littafin ya fi ba da ƙarfi ga nasarar farko, alhali kuwa muhimmiyar tambaya ita ce ko nasarar za ta ɗore, ta kuma maimaitu a wani wuri. Lardin Ontariyo na Kanada ya ɗora wa asibitocinsa wannan takarda a 2010, amma binciken da aka buga a 2014 kan asibitoci 101 bai gano wani ragi na a-zo-a-gani ba.

Mu kwatanta da jihar Mishigan ta Amurka. A can Peter Pronovost da abokan aikinsa suka rage cutar da ke shiga jini ta bututun babbar jijiya a sassa 103 na masu tsananin ciwo, kuma rahoton 2010 ya nuna ragin ya kai shekara uku bai gushe ba. Dalili kuwa, an tanadi kayan aiki wuri guda, ana ƙidaya masu kamuwa ana sanar da ma'aikata, sa'an nan an ba nas ikon dakatar da likita in ya tsallake wani mataki.

Ke nan takarda alama ce ta tsari, tsarin kuwa shi ke ceton rai. Inda aka rarraba takarda ba tare da horo da ƙidaya da goyon bayan shugabanni ba, ana iya cike ta bayan an gama ɗinki, mara lafiya kuwa bai amfana da kome ba. Saboda haka muna kira ga masu nazari su riƙa tambayar halin da sabon tsari yake ciki bayan shekara uku, kafin su yanke masa hukuncin nasara.