Alƙalamin da Ya Jira Shekara Hamsin: Sharhi a kan Wasiƙar Mariama Bâ

Akwai ra'ayin da ya yi kaka-gida a tsakanin masu sha'awar ƙagaggen labari, cewa wanda bai fara rubutu da ƙuruciya ba, to ya haƙura, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mariama Bâ, mutuniyar ƙasar Senegal, ta isa ta sa a sake duba wannan magana. An haife ta a Dakar a 1929, ta yi makarantar horon malamai mata ta Rufisque, ta koyar, ta haifi 'ya'ya tara, aure ya mutu. Sai a 1979, tana da shekara 50, littafinta na farko ya fito da Faransanci, wanda muka fi sani da sunan fassararsa ta Ingilishi, So Long a Letter. A 1980 ya ci kyautar Noma, karon farko da aka ba da ita.

Zubin littafin wasiƙa ce wadda Ramatoulaye take rubuta wa aminiyarta Aissatou tana cikin takaba. Mijinta Modou ya yi mata kishiya da Binetou, ƙawar 'yarsu Daba, bayan shekara 25 da aure da 'ya'ya 12, sa'an nan ya ƙaurace mata har ya mutu.

Jigon kishi ba baƙo ba ne ga Bahaushe mai karatu. Littattafanmu na soyayya cike suke da shi. Abin lura shi ne inda marubuciyar ta tsaya ta hango labarin. Matashi kan fara daga ranar da aka kawo lefe, ya cika shafi da kuka da yaji. Ita kuwa ta fara ne daga gawa, lokacin da fushi ya huce, sauran lissafi. Ta ƙirga kuɗin da aka tara wajen zaman makoki da yadda dangin miji suka wawashe su. Ta nuna yadda aka daidaita matar shekara 30 da ta shekara 5 wajen rabon kayan ta'aziyya. Ta ma tsaya a kan biyan kuɗin wuta da ruwa, da kunyar mace mai shekaru da ta shiga silima ita kaɗai. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ba a ƙago su a ɗakin karatu. Sai wadda ta riƙe gida. Haka kuma Aissatou ta fita daga gidan mijinta da aka yi mata kishiya, Ramatoulaye ta zauna, amma littafin bai ɗora wa ko ɗaya laifi ba. A ganina wannan sassauci shi ne babbar ribar shekaru. Shi ya sa ranar da Tamsir, wan mamacin, ya zo neman aurenta ta amayar masa da abin da ta daɗe tana haɗiyewa, maganar ta yi nauyi.

Sai dai shekarun sun zo da nasu cikas. Malamar makaranta ba ta ajiye alli ba: hirarta da Daouda Dieng a kan matsayin mata a majalisa ta fi kama da lacca. Binetou kuwa, yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar, ba a ba ta bakin faɗin nata ba, uwarta ma ko suna ba ta samu ba, kwaɗayi kawai aka rataya mata. Idon da ya ga cikin uwargida sarai, a bakin ƙofar amarya ya tsaya.

Kada kuma a ɗauka hannunta a naɗe yake kafin 1979. Ta daɗe tana rubuta maƙaloli a jaridu da jawabai a ƙungiyoyin mata, can ta wasa harshenta. Lokaci ne bai yi mata jinkiri ba. Ta rasu a watan Agusta na 1981, kuma littafinta na biyu, Un chant écarlate, labarin Baturiyar Faransa da mijinta ɗan Senegal ya yi wa kishiya a ɓoye, bai fito ba sai bayan an binne ta.