Gwanintar Riƙe Iyali Har Magani Ya Ƙare

A manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, akwai ma'aikaciyar da ba ta rubuta magani, ba ta yin allura, amma sau da yawa da hannunta a warkewar yaro mai ciwon daji. Ita ce jami'ar ofishin walwala. Babban aikinta shi ne kada iyaye su ɗauke ɗansu magani bai ƙare ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da kansa kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a ƙasashe matalauta da dama kuwa ba su kai kashi 30 ba. Yanke magani a tsakiya yana cikin manyan dalilai.

Ɗauki kansar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, ta kuma fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Saurin girma gare ta, haka ma saurin sacewa idan aka fara magani. To, nan tarkon yake. Uba ya ga kumburi ya sauka, damina ta kankama, an riga an sayar da ragon gida, sai ya ce a ba su sallama. Gwanar jami'a ta san da zuwan wannan rana, don haka tun farko take tare ta: "Baba, kumburin zai sauka, mu gode wa Allah. Amma kamar ciyawa ce da aka sare ba a tuge ba. In ba a ƙarasa allurai ba, za ta sake tohowa."

Ba ta tambayar magidanci ko yana da kuɗi, don ta san kunya za ta sa ya ce akwai. Sai ta bi ta gefe: daga wane gari kuke? Nawa ne kuɗin mota zuwa da dawowa? Wa ke riƙe da ƙannensa? Kafin a gama hira ta gane inda jinyar za ta iya karyewa, ta kuma gane mai faɗa a ji a gidan, wanda wani lokaci kaka ce ko kawu. Lambar waya biyu take karɓa. Ranar dawowa kuma da ranar kasuwar garinsu take ɗaure ta, yadda uwar da ba ta karatun boko ba za ta rikice ba. In ranar ta wuce ba a gan su ba, waya za ta bi su.

Idan dangi suka ce jifa ne, ba ta tsayawa musu. Takan ce a dage da addu'a, sai dai kada a tsaga kumburin, kada a ba yaro jiƙo likita bai sani ba. Da nas-nas suke haɗuwa su nuna wa uwa cewa mako 1 zuwa 2 bayan allura garkuwar jikin yaro takan yi ƙasa, saboda haka zafin jiki in ya kai 38 ba a kwana da shi. Ita kuma sai ta tabbatar akwai ma'aunin zafi a jakar uwar, da kuɗin mota a ƙulle a gefen zane.

Sauran aikin fafutuka ce: takardar neman sassauci, ƙwanƙwasa ƙofar masu fitar da zakka, tanadar dangin da za su ba da jini tun ba a buƙata ba, da nemo wa mai jinya makwanci. Wasu wurare sun sauƙaƙa wannan. A Philadelphia ta Amurka aka buɗe gidan Ronald McDonald na farko a 1974 don saukar iyayen yara marasa lafiya, Ghana kuma ta shigar da nau'o'i 4 na kansar yara cikin inshorar lafiyarta. Inda babu irin wannan gata, basirar jami'ar ce ke cike giɓin.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin yaran da ke tsira su kai aƙalla kashi 60 cikin 100 nan da 2030. Magani kaɗai ba zai kai mu can ba, sai an samu masu iya dawo da yaro asibiti a ranar da aka rubuta masa.