Masu Ɗinke Tsagar Kankare a Kasuwar Singa

Kasuwar Singa, wadda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari a birnin Kano, matattara ce ta sarin shinkafa da sukari da fulawa da taliya, kuma duk wannan nauyi a kan daɓen kankare da titi yake sauka, domin tireloli na shigowa maƙil da kaya, 'yan dako kuma na turo kura tun safe har magariba. Kankare, wato haɗin siminti da yashi da tsakuwa da ruwa, yana buɗewa da zafin bazara, ya tsuke da sanyin hunturu, har ya tsage. Idan ruwan damina ya bi tsagar ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashi, sai daɓen ya rufta.

A nan ne birkiloli da leburori suka cancanci jinjina. Sukan bi tsagar da kurfi su faɗaɗa bakinta, su share ƙura sarai domin sabon haɗi ba ya kama wuri mai datti, sannan su cike ƙaramar tsaga da narkakkiyar kwalta, babba kuwa su fasa ta, su shimfiɗa rodi, su zuba sabon kankare. Abin da ya fi wuya shi ne jira, domin sai an yi ta yayyafa wa wurin ruwa kamar mako guda, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28, alhali direbobi na matsa musu lamba su buɗe hanya. Haƙurinsu ne ke hana tirela kafewa a tsakiyar kasuwa ta tsayar da cinikin yini guda.